Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Layi Ɗaya a Kan Jel

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka kafe sunayenmu, mu 'yan aji huɗu, kowa da malamin da zai duba masa furojet. Washegari na je ofishin nawa malamin, na ce ina so in yi aiki a kan sikila. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Akwai mai ita a gidanku?" Na ce, "Akwai, Malam. Autarmu."

Ban faɗa masa sauran ba, amma ku zan faɗa muku. Tun Auta tana rarrafe hannayenta da ƙafafunta ke kumbura. Da hunturu ya kama, ko aka yi ruwa da dare, mun san ba barci a gidan. Idanunta su yi rawaya, ta riƙa cewa ana sara mata ƙashi, Umma na gefenta da tawul da ruwan ɗumi har a kira assalatu. Ga wannan, ga kuma maganar Goggo, yayar Baba, wadda duk zuwanta dubiya sai ta ce, "Mu dai a danginmu ba a san amosanin jini ba, sai dai a duba wajen uwa." Umma ba ta taɓa tanka mata ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da shafa wa Auta baya.

Malam ya miƙe ya rubuta layi biyu na haruffan DNA, sinadarin da gadon halitta ke rubuce a cikinsa, a allo: CCT GAG GAG a sama, CCT GTG GAG a ƙasa. Ya ce in nemo bambancin. Harafi ɗaya ne, A ya koma T. Ya ce nan ciwon yake, a kan kuromosom na 11, cikin ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera wani sashe na hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Saboda wannan harafin, a gurbi na 6 na sarƙar sinadaran da suka haɗu suka yi wannan sashen, sai wani mai suna balin ya zauna a mazaunin wani mai suna gulutamik asid. In iska ta yi ƙaranci, hemogulobin ɗin sai ya manne wa juna ya yi sanduna, jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai lauje kuwa da ƙyar take wuce kwana 20. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa hemogulobin ɗin masu sikila daban yake, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin inda aka sami sauyin a Kambirij ta Ingila a shekarun 1956 da 1957. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da Malam ya ce dabarar PCR ta kwafar DNA ya yi yawa, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro, da aka fara buga ta a 1985, a kan gano sikila aka gwada ta. Ciwon ƙanwata ne aka buɗe ƙofar da shi.

Neman izinin kwamitin asibiti ya ci mana wata guda. Bayan nan na tara jinin mutum 40, kowa da takardar amincewarsa, har da nawa da na Auta, wanda Baba ya sa wa hannu.

Ranar farko a ɗakin gwaji na koyi abin da ya ba ni mamaki: ciwon a jan ƙwayoyin jini yake, amma DNA ɗin daga farare ake ciro shi, domin ja ba su da cibiyar da ake ajiye shi. Dattijon da ke kula da ɗakin, wanda muke kira Baba, ya sa na yi kwana uku ina ɗiban ruwa zalla da fifet, ɗan bututun auna ɗigo, kafin ya bar ni in taɓa jini. "'Yata, hannunki na rawa. Abin da za ki ɗiba bai kai ɗigon hawaye ba, in kin zubar ba mu da wani." Ranar da na zuba itanol mai sanyi a 'yar kwalba na ga wani farin zare siriri ya taso kamar yanar gizo-gizo, sai da na yi tasbihi a fili. Gadon mutum ke nan tun daga kakanninsa, a tsakanin yatsuna biyu.

Daga nan sai injin PCR. Yakan ɗaga zafi zuwa digiri 94 igiyoyin DNA biyu su rabu, ya sauko 'yan guntayen da ke nuna wurin farawa su kama, ya hau 72 a kwafa. Zagaye 35, guntu ɗaya ya zama miliyoyi. Sannan a zuba masa wani sinadari mai suna DdeI, wanda aikinsa yanka ne, kuma ba ya yanka sai ya tarar da CTGAG ko ɗan uwansa. Mai harafin A sai ya yanku gida biyu. Mai T kuwa wuƙar ba ta gane shi, sai ya wuce a cike.

A baki abu ne mai sauƙi. Mako uku ina kunna fitilar duba jel, wato daskararren abin da guntayen DNA ke jeruwa a cikinsa layi-layi gwargwadon tsayinsu, ina tarar da fili fetal, ko layi ɗaya babu. Sau biyu an ɗauke wuta injin yana tsakiyar aiki. Daga baya muka gano firizar ta kwana biyu a narke lokacin hutun ƙarshen mako, sinadaran da ake so su zauna a digiri 20 ƙasa da sifili duk sun mutu. Na fita bayan ɗakin na yi kuka mai isata, domin kuɗin da aka sayo su har da na 'yan kunnen Umma a ciki. Malam ya haɗa mu mu uku masu aiki iri ɗaya muka yi karo-karo, shi ma ya cika daga aljihunsa. Sabbin da suka zo, a kula nake ɗaukar su da ƙanƙara, in kai su firizar wata mai sayar da zoɓo a unguwarmu da yamma, in ɗauko da safe.

Wata Laraba bayan la'asar Baba mai kula da ɗakin gwaji ya kashe fitilar ɗaki, na ɗora jel ɗin, muka sa gilashin kare ido. Sai ga layuka suna haske ruwan lemo, a jere. Masu AA layi biyu. Nawa uku, domin ni AS ce: kwafi ɗaya ya yanku, ɗaya bai yanku ba. A kusa da nawa ga na Auta, layi ɗaya tak, mai kauri.

Na daɗe da sanin cewa ba a haifar SS sai uwa da uba duk suna ɗauke da S, wato kwafi mai harafin T. Na rubuta shi a jarrabawa tun ina aji biyu, har da lissafin cewa kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ban taɓa haɗa wannan karatun da maganar Goggo ba sai da na tsaya a kan layin nan. Kwafi biyu ne suka hau kan juna, ɗaya daga Umma, ɗaya daga babanmu. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi, na nemi kujera.

Da daddare na sami Umma tana tankaɗe, na nuna mata hoton a waya, na yi mata bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ta goge hannu a zani ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To a nan ciki wanne ne nawa, wanne ne na babanku?" Na ce, "Ba a iya rabewa, Umma. Daidai suke." Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kada ki goge shi. Goggonku za ta zo ranar Asabar."

Abin da ya faru a ranar Asabar ɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.