Boss 302 da Camaro Z/28: takarda ce ta raba gardama

Mai garejin da nake wa aiki a jihar Michigan ya ce in raka shi duba motoci biyu 'yan 1969, domin wani mai tara tsofaffin motoci ya ba shi sautu: Ford Mustang Boss 302 da Chevrolet Camaro Z/28. Ni aka ba tuƙin gwaji.

A kan titi kusan Hassan da Husaini ne, kuma akwai dalili. Gasar tseren Trans-Am ta lokacin ba ta yarda inji ya wuce lita 5 ba, shi ya sa kowane kamfani ya ƙera injin V8 (mai silinda takwas) mai wannan girman, ya rubuta masa ƙarfin doki 290. Duka giyar hannu ce mai hawa huɗu, babu mai na'urar sanyi. A cikin gari wahala ce zalla: kulocin yana da tauri, injin yana tari in ka yi ƙasa da gudu. Sai ka danna totur allurar juyin inji ta haura 4,000 a minti sannan su farka. Camaro ta fi saurin amsawa a ƙafata, Mustang kuwa ta fi zama daram a kwana. Ko a filin tsere haka suka yi ta karɓe-karɓe, direba Mark Donohue ya ci wa Camaro a 1969, direba Parnelli Jones ya rama wa Mustang a 1970.

Zuciyata na kan Camaro. Amma maigidana ko kallon fenti bai yi ba, fitila ya ɗauka ya shige ƙarƙashi.

A nan na koyi yadda masu tara motoci ke lissafi. Z/28 an yi fiye da 20,000 a 1969, Boss 302 kuwa 1,628 kacal. Sannan lambar shasin Mustang tana faɗin gaskiya da kanta, harafi na 5 in G ne to da injin Boss ta fito, kuma ana iya sayen Marti Report, rahoton da ake cirowa daga bayanan kamfanin Ford. Ita Camaro lambar shasinta ba ta nuna Z/28 ce, don haka kowa na iya zana wa ta gama-gari layuka biyu a bonet ya maƙala mata tambari. Dole ka nemi hatimin DZ, alamar injin Z/28, a jikin inji, ka ga ko lambar da ke kusa da shi ta dace da ta shasi.

Camaron da muka duba akwai DZ, amma lambar wata mota ce daban, an taɓa canja inji. Mai ita ya ce, "Ai ya fi na asali lafiya." Wataƙila haka ne, ni ma na ji daɗinsa. Maigidana dai ya goge hannu ya ce a ɗora Mustang a tirela, duk da tsatsar da ke ƙasan ƙofofinta, wadda ni zan sha aikin gyarawa.