Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Gurasa a Jakara

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda maigidana ya amince in riƙa zuwa Kano da kaina ina saro atamfa da leshi, maimakon saƙon da muke bayarwa a kawo mana abin da ba mu zaɓa ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: ba kwanan masauki, sai gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai ta cikin birnin Kano tun ina goye.

Zuwan da na riƙa yi da farko duk a gurguje ne. Mu bar Jos da sanyin asuba, mu bi ta Saminaka, mu keta dajin Falgore kowa na addu'a a ransa, mu faɗo Kwanar Ɗangora, mu sauka Unguwa Uku zufa na karyo mana. Washegari in shige Kantin Kwari, inda za ka ji Hausar Damagaram da Larabcin 'yan Chadi da Fulatancin mutanen Kamaru a layi guda, 'yan dako na ta "hanya, hanya" da diloli a ka. Lokacin acaɓa na nan, don sai a farkon 2013 aka hana ta a Kano, titi ya koma hannun 'yan Adaidaita Sahu. In gama ciniki, in ɗaure kaya, in kwana, in juya. Gwaggo ta sha yi mini ƙorafi cewa ni baƙuwar dare ce, ba ta ganina sai da fitila.

Wani zuwa sai na tarar samfurin atamfar da na ba da kuɗinta bai iso ba. Alhajin da nake saye a wurinsa ya ce in yi haƙuri zuwa bayan Juma'a. Na kira maigida, ya ce in zauna. Zaman nan shi ya buɗe mini wata ƙofa a rayuwata.

Gidan Gwaggo yana Jakara, taku kaɗan daga kasuwar Kurmi, cikin lungun da mota ba ta shiga. Ni da na saba da bargo, zafin ɗaki ya hana ni barci, na ja tabarma tsakar gida. Can tsakar dare na ji ƙaurin hayaƙi da muryoyin mata ta bayan katanga. Na tashi Gwaggo a firgice.

Ta ce, "Kwantar da hankalinki 'yar nan, ba gobara ba ce. Gidan Inna ne, sun hura tanderu. In kina son gani, ɗauko mayafinki."

Muka ratsa soro biyu kafin mu faɗa tsakar gidan. Tanderu a jere jikin katanga, manyan tukwanen ƙasa da aka girke aka yaɓe gefensu, kowanne wuta na ci a cikinsa. Tun da yamma an kwaɓa fulawa da yis da ɗan gishiri a manyan robobi, an rufe, ƙullin ya tashi har yana ɗaga murfi. Wasu 'yan mata na gutsura suna mulmulawa, wasu na faɗaɗawa a tafin hannu. Aikin mai wuya na manyan mata ne. Sai harshen wutar ya kwanta, garwashi ya rage a ƙasa, mace ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗauki ƙullin, ta zura hannun har kusan kafaɗa ta manna shi a jikin tanderu, ta zaro, ta sake ɗaukar wani. Ba cokali, ba safar hannu. Kafin ta zagaye tukunyar na farkon ya kumbura ya yi ja, sai ta bi da wuƙa tana ɓamɓarowa tana jefawa cikin kwando.

Na durƙusa na gaida Inna. Dattijuwa ce siririya, tana zaune a kujera 'yar tsugunno tana ƙirga gurasa. Ta amsa ba tare da ta daina ƙirgar ba, sai da ta kai inda take so sannan ta ɗago.

"Ke ce 'yar Jos ɗin? Lale marhabin. Ku ba ta ta bakin wuta ta ci, ta ji yadda take."

Jama'a, duk wanda gurasar da ya sani ita ce ta cikin leda da ake miƙo wa fasinja ta tagar mota, bai ci gurasa ba tukuna. Wannan bayanta da ɗan ƙauri, cikinta laushi kamar auduga, ƙamshin hayaƙin itace ya ratsa ta. Haka na ci ta gaya, ban nemi komai ba.

Da haske ya fara fitowa na lura da hannayen matan nan. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk tabon ƙuna ne, wani kan wani, idanunsu jajur saboda hayaƙi. Ana sallame sallar asuba maza suka fara sallama a soro, 'yan sari da 'yan talla, kowa da kwandonsa. Ba sa shigowa, yara ke kai musu. Inna ba ta rubuta komai, amma ta san abin da kowa ya ɗauka da abin da ya rage masa na jiya. Ita ma bashi take karɓo fulawar a wurin dila, sai kuɗi sun dawo da yamma ta biya, ta sallami mai itace, ta sallami ma'aikatanta, abin da ya saura shi ne nata. Gwaggo ta faɗa mini da wannan tanderun Inna ta riƙe marayunta bayan rasuwar mijinta, ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, har ta sauke farali.

Ni 'yar kasuwa ce, na san yadda muke zama muna lissafa attajiran Kwari da na Singa, wane ya yi kaza, wane ya gina kaza. Ban taɓa jin an sa irin su Inna a wannan lissafin ba, alhali kafin a buɗe shago ɗaya a Kwari sun riga sun ciyar da unguwanni. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Shi ya sa a farkon 2024, da na ga a waya mata masu gurasa sun fito kan titi a Kano suna kuka da tsadar fulawa, sai da na zubar da hawaye. Matan da na sani ba masu son fita ba ne. Duk abin da ya raba su da bakin tanderu ya fito da su titi, ya kai maƙura.

Da hantsi Gwaggo ta haɗa mana bandashe. Ta tsoma gurasar a ruwa ta tsame da sauri don kada ta jiƙe da yawa, ta jera a faranti, ta barbaɗe da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, ta kwarara man gyaɗa, ta yanka albasa da tumatir a kai. Muna ci Malam, mijin Gwaggo, ya dawo daga makarantar allonsa, na kai masa nasa soro. Shi ya ba ni asalin abin. Ya ce fataken Larabawa da ke keto Sahara daga wajen Tarabulus da Gadamus su suka zo da ita, suka zauna a unguwannin da ke kewaye da Kurmi, irin su Dandalin Turawa da Alfindiki. Kurmin kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ya ce a da da alkama ake yi, kuma abincin alkama na gidan sarauta ne da gidan masu hali: alkaki, alkubus, funkasau, taliya. Zuwan fulawar kamfani ne ya sauko da gurasa har ɗan dako ya iya saye.

"In kin bi ta nan gaba," in ji shi, "akwai unguwa sukutum da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Ki sa yaran nan su kai ki."

Suka kai ni, muka zarce Kurmi, na sayo kwalli da turaren wuta da takalmin fata a wurin dukawa. Ranar Juma'a da la'asar kuma suka ja ni Dutsen Dala. Muna hawa suna rige-rigen ba ni labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda dutsen ke cika maƙil ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi. Daga sama suka nuna mini Goron Dutse da koriyar ƙubbar babban masallaci kusa da Gidan Rumfa. Na yi ta neman lungunmu a cikin rufin kwanon da ya cushe, ƙaramar cikinsu ce ta gano mana shi.

Sauran dararen duk a gidan Inna na yi su. Ta bar ni na yi mulmule da faɗaɗawa, amma ta hana ni kusantar tanderu. Ta ce, "Amanar mijinki ce ke a hannunmu, ba za ki koma masa da tabo ba."

Ranar da atamfata ta iso, Inna ta aiko mini da kwando guda na gurasa, ta ce tsarabar yara ce, ta kuma rantse ba za ta karɓi ko kwabo ba. Malam ya aika aka sayo mini kilishi a Agadasawa. Na isa Jos bayan magariba, na raba wa maƙwabta, washegari na tafi shago da ragowar. Wata mai sayen leshi a wurina, Bakanuwa da aure ya kawo ta Jos, ta hango kwandon ta tambaya daga ina. Da na ce Jakara, sai ta ajiye leshin ta zauna. Kafin ta tashi ta ba ni kuɗin gurasar sunan da za a yi a gidansu, ta ce in taho mata da ita zuwa na gaba.

Na karɓi kuɗin, da daddare na kai wa maigida maganar. Abin da ya ce, da yadda muka kwashe da direban da ya fara ɗauko mini kwandunan daga Unguwa Uku, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.