Mashigin Tekun Gini: ruwan da ke tafiya arewa da yashin da ke tafiya gabas

Iskar da ke kawo hadari Kano da Maraɗi a watan Yuni daga wannan teku take tasowa. Mashigin Tekun Gini shi ne babban lungun da Tekun Atalantika ya shiga cikin jikin Afirka, daga tsinin Palmas a kudancin Laberiya har zuwa tsinin Lopez a Gabon. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 2. A cikinsa ne layin ikwaita ya gitta layin da ake fara ƙirgen lokacin duniya daga kansa, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana. Layin lokacin ya ratsa ta garin Tema ma. Daga ciki can kuma tekun ya kasu lungu biyu: na Benin, wanda ya kama daga gabashin Ghana zuwa bakin Neja Delta, da na Bonny, daga nan har Kamaru da Gabon. Wannan na biyun a tsofaffin taswirori sunan Biyafara yake ɗauke da shi, sai a 1975 Najeriya ta sauya masa suna.

Yawancin lissafin damina a yammacin Afirka daga nan yake farawa. Idan bazara ta gasa Sahara, iskar can ta yi zafi ta tashi sama, sai iska mai laima ta taso daga saman teku ta kudu maso yamma ta cike gurbin. Gaban wannan iska yana turawa arewa a hankali. Gaɓar teku tana samun ruwa tun Maris ko Afrilu, Zariya wajen Mayu, Sakkwato da Damagaram sai Yuni, Agadas kuwa sai Yuli da Agusta, shi ma ɗan kaɗan. Daga Oktoba iskar ta fara ja da baya, hunturu ya biyo sawunta daga arewa maso gabas, wani lokaci ƙurarsa har ta rufe filin jirgin Legas da na Akra a Disamba da Janairu.

Wanda ya saba da markar Agusta a arewa yakan yi mamaki idan ya ji cewa a wannan watan ne ruwa ke ɗaukewa a Akra da Lome da Kwatano, har da Legas. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, babban layin hadarin ya riga ya wuce su, yana can kan ƙasar Hausa. Na biyu, daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙarƙashin teku a gaɓar Kwaddibuwa da Ghana, sai zafin saman ruwa ya sauka daga wajen digiri 28 zuwa 22 ko 23. Iskar da ta kwanta a kan ruwa mai sanyi ba ta tashi sama, in ba ta tashi ba kuwa babu hadari, sai dai gajimare da yayyafi. Shi ya sa manomin kudancin Ghana ke da damina biyu a shekara, babba da ƙarama, namu kuwa guda ɗaya ce tal. Wannan ruwan sanyin yana ɗauko abincin kifi daga ƙasa, don haka watannin nan su ne kakar masunta, lokacin da kwale-kwalen ƙabilar Fante ke dawowa Elmina da Tema shaƙe da ƙananan kifin sadin. Akwai kuma shekarun da ruwan sanyin ke ƙin tasowa sosai, tekun ya zauna da ɗumi. A irin wannan shekara bambancin zafi tsakanin teku da hamada yakan ragu, iskar ta rasa ƙarfin kutsawa arewa, ruwa ya tsaya yana zuba a gaɓa. Haka ta faru a 1984, shekarar da fari ya yi wa Sahel mummunan kamu. Ba kowace shekarar fari ce ke da wannan dalili ba, amma masu hasashen damina ba sa rasa duba zafin wannan teku kafin su yi magana.

Ruwan sama a gaɓar kanta bai rabu daidai ba, kuma bambancin yana da ban mamaki. Axim a yammacin Ghana tana samun kimanin milimita 2,000 a shekara. Ka matsa gabas ka zagaya tsinin da ya fi kowane kudanci a Ghana, gaɓa ta karkata ta kwanta a jere da hanyar iska, sai iskar ta riƙa wucewa tana shafar ƙasa ba tare da ta hau kanta ba. Akra tana bakin teku amma ruwanta bai cika wuce milimita 800 ba, wato ba ta fi Kano ba. Daga gabashin Ghana zuwa Togo da Benin daji mai duhu ya yanke, ciyawa da kuka da giginya suka sauko har bakin ruwa. Can gabas kuma, inda iskar ke cin karo da Dutsen Kamaru kai tsaye, ƙauyen Debundscha yana samun wajen milimita 10,000 a shekara, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Dajin da ke gefe biyu na wancan gibi shi ne gidan goro, kuma shi ya ja fataken Hausa zuwa Gwanja da kasuwar Salaga tun kafin Turawa su shata iyakoki. Zangunan Kumasi da Akra daga wannan tafiya suka samo tushe.

Ruwan da iska ta kai arewa, wani kaso nasa yana dawowa ta kogi, amma ba duka ba. Wanda ya sauka a Funtuwa yana bin kogin Sakkwato, ya haɗu da Rima, ya faɗa Kwara. Na Zariya yana bin Galma zuwa kogin Kaduna, shi ma Kwara zai je. Na Gombe yana bin Gongola zuwa Binuwai. Na Kano kuwa Challawa da Haɗeja yake bi ya nufi Tafkin Chadi, bai taɓa ganin teku ba. Ita Kwara tafiyarta abin kallo ce a taswira: mafarinta a tsaunukan ƙasar Gini bai fi kilomita 240 daga teku ba, amma sai ta juya wa tekun baya ta nufi hamada har Tumbuktu, ta lanƙwaso ta Yamai da Gaya da Yawuri, ta karɓi Binuwai a Lakwaja, sai bayan tafiyar kusan kilomita 4,200 ta isa gishiri. Turawa sun daɗe suna gardama kan inda take ƙarewa, har sai da 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander suka bi ta a kwale-kwale zuwa bakinta a 1830.

Abin da kogi ke kawowa teku ba ruwa kaɗai ba ne, har da yashi da laka. A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin duk rigimar zaizayar gaɓa a kansa take. Raƙuman ruwan da ke dukan wannan gaɓa daga nesa suke zuwa, daga guguwar kudancin Atalantika, kuma ba sa faɗowa a miƙe. Daga kudu maso yamma suke zuwa a karkace. Kowane ɗaya yana tura yashi sama a karkace, ruwan ya koma a miƙe, na gaba ya sake turawa. Ta haka yashi ke tafiya gabas dare da rana, tamkar wani kogi na rairayi a bakin ruwa, kuma a gaɓar Togo da Benin abin da ke wucewa yana kaiwa kimanin kubik mita miliyan 1 a shekara. Wannan yashi ne ya toshe bakin ƙananan koguna ya gina dogayen shingaye, ruwa ya taru a bayansu ya zama tafkunan bakin teku masu ɗan gishiri: Ébrié a Abijan, na Keta, Nokoué a Kwatano, da na Legas. Shi ya sa kuma tun daga Kwaddibuwa har Legas da wuya a sami mafakar jirgi ta halitta. A da jirage nesa suke tsayawa, a yi ta jigilar kaya da mutane da kwale-kwale ta cikin raƙuman ruwa, kayan da suka jiƙe ko suka nutse ba a magana.

Don haka kusan duk tashar jirgin ruwa a nan ginawa aka yi da duwatsu cikin teku. Takoradi a 1928, mashigar Vridi da ta buɗe tafkin Abijan a 1950, Tema a 1962, Kwatano a 1965, Lome a 1968. Kowace katangar dutse da aka miƙa cikin ruwa tana tare kogin yashin nan. Yamma da katanga yashi ya taru, gaɓa ta yi ta faɗi, har a Lome filin da ya samu ta wannan hanya ya isa a yi gini a kai. Gabas da ita raƙuman ruwa suna nan da ƙarfinsu amma babu sabon yashi, sai su ci wanda suka tarar. Gabas da tashar Lome teku ya cinye tsohuwar hanyar mota ta bakin ruwa, dole aka mayar da ita ciki. Gabas da tashar Kwatano gidaje sun rufta. A Legas katangun mashigar tasha an gina su ne tsakanin 1908 da 1912, kuma tun daga lokacin bakin ruwan Bar Beach ya ja baya fiye da kilomita 1, aka yi shekaru ana zuba masa yashi da injin yana tafiya, kafin a zo a gina unguwar Eko Atlantic da katangarta a wurin.

Madatsun ruwa sun ƙara wa lamarin nauyi daga can sama. Akosombo a kan kogin Volta na Ghana, da aka gama a 1965, ta haifar da Tafkin Volta mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, kuma yashin da kogin ke kaiwa teku yanzu yana kwantawa a ƙasan tafkin. Garin Keta da ke gabas da bakin kogin dama yana fama da zaizaya, bayan madatsar abin ya tsananta, teku ya ɗauke babban ɓangare na tsohon garin. Kainji ta 1968 da Jebba da Shiroro suna yin irin wannan riƙo a kan Kwara da Kaduna. Maganin da aka fi yawan yi shi ne jera gajerun katangun dutse a tsaye daga gaɓa zuwa cikin ruwa, kamar haƙoran mataji. Suna aiki a inda aka sa su. Matsalar tana bayan katanga ta ƙarshe, nan zaizayar ke komawa, kuma sau da yawa wani gari ne ko ma wata ƙasa. Idan ba a cika tsakanin katangun da yashin da aka ɗebo daga cikin teku tun farko ba, to na maƙwabta za su tare. Ga masu tifa da ke kwasar yashin bakin ruwa don bulo, su ma ramin da suka bari daga gidan wani ake cike shi. A ganina duk aikin kare gaɓa da aka tsara a kan iyakar jiha ɗaya ko ƙasa ɗaya a wannan yanki, an tsara shi da gibi tun a takarda.

Daga gabashin Legas ƙasar tana sauya hali. A gaɓar jihar Ondo yashi ya ƙare, laka ce zalla, mai saurin narkewa, garin Ayetoro kuma yana ta rasa tituna. Sai Neja Delta, inda Kwara ta rabu gida biyu, Nun da Forcados, sannan ta tarwatse zuwa ɗaruruwan ƙoramu. Nan ne daji mafi girma a Afirka na itatuwan mangurob, masu tsayawa a kan saiwoyi kamar ƙafafu cikin ruwan gishiri. Cikin saiwoyin nan kifi da jatan lande ke ƙyanƙyasa, kuma su ke riƙe lakar. Idan ɗanyen mai ya malala ya shafe saiwoyin, itacen ba ya iya numfashi, ya mutu a tsaye, lakar ta riƙe man shekara da shekaru. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce gyaran na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Akwai kuma wani kwakwan ruwa da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906 don riƙe gaɓa, yanzu shi ke mamaye duk inda mangurob ya mutu, kuma ba ya tara kifi kamarsa. Shi kansa man fetur ɗin, wanda aka fara samu a Oloibiri a 1956, daga lakar da kogunan nan suka jibge tsawon miliyoyin shekaru ya samu. Tashoshin wannan ɓangare ba sa fama da raƙuman ruwa, cikewa ce damuwarsu. Kalaba tana kimanin kilomita 80 daga teku a cikin kogi, Duwala tana cikin bakin kogin Wouri, Warri kuma sai an tsallake tudun yashin Escravos. Da an yi sakaci da yashe hanya, manyan jirage sun daina shiga. Wannan ne ya sa Kamaru ta gina Kribi a bakin ruwa mai zurfi, Najeriya ta gina Lekki.

A kusurwar lungun Bonny kuma ga jerin duwatsu masu aman wuta a layi ɗaya, rabi a teku rabi a tudu: tsibiran Annobón, Sao Tome, Principe da Bioko, sai Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Layin ya ci gaba cikin ƙasa ta Tafkin Nyos, inda iskar gas ta ɓalle daga ƙasan ruwa a Agustan 1986 ta kashe mutum sama da 1,700, ya wuce har tsaunukan Adamawa da tudun Biu a jihar Borno.

Ƙasashen da ba su da teku su ma nan suke kallo. Man Chadi yana bin bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi tun 2003. Na Nijar yana tasowa daga Agadem ya yi tafiyar kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a gaɓar Benin. Shinkafa da gwanjo da motocin da ke isa Maraɗi da Dosso sun daɗe suna sauka a Kwatano, su hau zuwa Parakou, su tsallaka gadar Malanville zuwa Gaya. Da aka rufe wannan gada bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kayan suka koma sauka a Lome su zagaya ta Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, kuɗin dakon kuma ya hau kan farashin buhu a kasuwa.