Kwaɗayin zaƙi da gosulon Ojota: yadda na yi fama da na rage siga da sitaci

Wata takwas kenan da na rage cin sitaci da siga, kuma wallahi barin tuwon dare bai ba ni wahala ba kamar yadda kayan ƙwalam ɗin nan na leda da lemon kwalba suka ba ni. Ni a kasuwar Mile 12 da ke Legas nake harkar albasa da tattasai, gidana kuma Agege, to duk wanda ya san hanyar nan ya san rabin rayuwar mutum a cikin danfo, bas ɗin hayar Legas, take ƙarewa. Da, in na idar da sallar asuba sai wajen mai shayi, kofi babba da madara da siga cokali huɗu, ga rabin burodin Agege mai laushin nan an shafe shi da bota. Rana ta take in sha lemo mai sanyi, da yamma kuma in mota ta tsaya a gosulo in miƙa hannu ta taga in karɓi Gala biyu, naɗin fulawar nan na leda mai nama a ciki, da wani lemon. Shekara da shekaru haka nake yi, ban taɓa lissafa shi a cikin abinci ba ma, ni a wajena taɓa baki ne kawai.

Abin da ya tayar da ni shi ne gwajin jini da aka min a asibiti da safe kafin in ci komai. Likitar ta ce in lambar ta faɗa tsakanin 100 da 125 to mutum yana bakin ƙofar ciwon siga, tawa kuma a nan ta faɗa. Mahaifina da wannan ciwon ya rasu, Allah ya jiƙansa, na ga yadda ƙafarsa ta koma a ƙarshe, don haka maganar ta shige ni sosai. Ita ce ta sa ni na yi lissafin da ban taɓa yi ba: robar lemon kola ɗaya mai 50cl tana ɗauke da siga wajen giram 53, wato kusan ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce sigan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, in da hali ma a tsaya a 25, cokali shida kenan. Ni shayin safe kaɗai ya kusa cinye rabona, balle a zo ga roba biyu ta lemo. Ko da gwamnati ta saka harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022 ban ko ji a jikina ba, saye na ci gaba da yi.

Satin farko ya zo min da ciwon kai da kasala, in ɗaga buhu sai in ji gwiwa ta saki. Daga baya na gane dalili, jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa, in ka rage ci sai ya ƙone ajiyar ya zubar da ruwan ta fitsari, gishiri ma ya bi. Shi ya sa sikeli ke sauka da sauri a kwanakin farko mutum ya yi ta murna alhali yawanci ruwa ne. Romon nama mai ɗumi da shan ruwa sosai su suka taimake ni. Amma don Allah mai hawan jini kada ya ce zai ƙara gishiri da kansa, kuma wanda yake shan maganin siga ko allurar insulin kada ya yanke sitaci sai likitansa ya sani, domin sigan na iya faɗuwa ƙasa warwas, abin ba wasa ba ne.

To shi kwaɗayin, na lura yana da lokacinsa kuma yana da wurinsa. Nawa bayan la'asar ne, daidai tsakanin Ketu da Ojota inda mota ke cakewa. Rana ta biyar ina zaune gefen taga, gumi ya jiƙe min riga, kwandasta na ta ihu, sai ga wani yaro da bokitin lemo a kai ya ɗago roba ɗaya daidai fuskata, ƙanƙara na narkewa ruwan sanyi na gangarowa ta hannunsa, na kusa da ni ya ɓare ledar Gala ƙamshin ya cika motar. Na kau da kai sau ɗaya, sau biyu, motar ta ɗan matsa yaron ya biyo da gudu, kafin in ankara na biya na shanye rabi. Har muka isa Pen Cinema a Agege raina a ɓace yake, ina ta ganin ni ba ni da zuciyar riƙe abu.

Da na isa gida na faɗa wa uwargida, sai ta ce, “Baban Ummi, me ka ci tun safe?” Na ce shayi ba burodi, da rana kuma ɗan nama da ganye. Ta ce, “To ai yunwa ce ta kama ka, ka cire burodi ka cire shinkafa ba ka mayar da komai a gurbinsu ba, mutum yana dakon buhu wuni guda.” Gaskiyarta ce. Ni na ɗauka rage sitaci yana nufin rage ci gaba ɗaya, ashe kuskure na farko kenan kuma shi ne babba. Washegari ta soya min ƙwai uku da albasa da tumatir kafin in fita, ta dafa wasu biyu ta ƙulle a leda, ta zuba gyaɗa soyayya a ƙaramar roba da yankakkiyar kwakwa da yalo guda huɗu. Da rana na koma cin miya sosai, agushi ko kuɓewa ko ewedu ɗin Yarabawa wanda mu muke ce wa lalo, da kifi titus ko nama, in ɗan taɓa loma kaɗan ko in bar ta. Ranar da na ci haka na ƙoshi, muka zo Ojota yaran nan suka kewaye motar, na ji sha'awar amma ba irin wadda take fizgar hannu ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Fulawa da siga suna narkewa nan da nan, sigan jini ya haura, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don sauke siga, ya zo ya kwashe shi, bayan awa biyu zuwa uku ka ji cikinka wayam kana neman wani zaƙin. Ƙwai da nama da gyaɗa kuwa suna daɗewa a ciki. Wani abin kuma da na gani da idona, kwaɗayin ba ya zama, in na sha ruwa na tauna kwakwa na ɗan yi hira da na kusa da ni, kafin mu wuce gadar ya lafa.

Inda na fi shan mamaki shi ne abubuwan da nake ɗauka ba su da laifi. Na bar lemo na koma lemon malt wai shi yana ƙara jini, da na juya gwangwanin na karanta sai na ga shi ma cike yake da siga. Haka jus ɗin kwali, haka yogot mai zaƙi, haka zoɓon da ake sayarwa a roba, kunun aya ma da dabino ake markaɗa shi wasu su ƙara siga a kai. Zuma tana da daraja a wajenmu kuma ina girmama ta, amma in ana maganar sigan jini ita ma zaƙi ce, cokali ɗaya ba ɗaya yake da rabin kofi ba. Har kilishi sai da na fara tambaya, don wasu suna saka zaƙi a cikin haɗin. Yanzu duk ledar da zan saya sai na duba jerin kayan haɗin, ana rubuta su ne daga wanda ya fi yawa zuwa ƙasa, in na ga fulawa da siga a sahun farko sai in mayar. Gyaɗar ma da ta cece ni sai da na yi mata iyaka, don akwai satin da nake cinye kwalba guda a kwana biyu, shi ya sa ake auna min cikin tafin hannu kawai. Lemon da ake cewa ba siga a ciki na gwada, ni dai sai ya riƙa tuna wa harshena zaƙi, na bar shi, wani kuma zai ce ya taimake shi, ba zan musa ba.

Shayi ban yanke lokaci guda ba. Daga cokali huɗu na koma biyu na sati biyu, sannan ɗaya, sannan babu. Mai shayinmu da farko cewa yake, “Alhaji lafiya dai ko?” yanzu da ya hango ni yake jefa citta da kanumfari a tukunya, madarar ruwa kaɗan wadda ba ta da siga.

Wuri mafi nauyi shi ne cikin 'yan uwa. Mun je suna Idi-Araba gidan ƙanwar mahaifiyata, ta kawo min faranti da hannunta, alkaki da nakiya da cincin da dubulan, ta ce, “Ɗan nan, tun daga gida aka aiko da alkakin nan, ci.” Ba a mayar da hannun uwa. Na ɗauki alkaki ɗaya na ci a gabanta, na ce, “Inna, likita ta sa min doka saboda ciwon Baba, sauran zan kai wa yara.” Ta yi shiru, sai ta ce Allah ya ba da lafiya, ta sa aka ƙaro min farfesu. Da a satin farko ne da na ce tunda na karya bari in ƙarasa farantin gobe a sake sabon lale, a wannan ranar kuwa da dare na ci ƙwaɗon zogalena da ƙuli-ƙuli kamar kullum. Da azumi ma dabino ɗaya nake buɗa baki da shi in bi da ruwa.

Yanzu lemon zaƙi na ɓawo in na sha ɓari ɗaya sai in ji zaƙinsa har ka, abin da da ban taɓa ji ba. Wando ya yi min yawa, barcin da ke kama ni a rumfa bayan azahar ya tafi, gwajin da na sake yi wata uku da suka wuce ya sauka ƙasa da 100. Har yau in ranar ta yi zafi kuma ciniki bai yi daɗi ba ina jin robar nan tana kirana a Ojota. Yaron da ya bi motarmu da gudu ran nan ya gane ni, in ya hango ni a taga ruwan gora yake ɗagowa.