EXPO ta so ta haukata ni

Wallahi sabuwar kwamfutar gem ɗin nan ta ba ni wuya. RAM ɗin (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) nau'in DDR5 ce mai gudun 6000, ina kunna EXPO (saitin AMD da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta) a BIOS (shafin saitin tushe na kwamfuta) sai gem ya riƙa fita da kansa ana tsakiyar wasa, wani lokacin ma shuɗin allo kawai zan gani, amma in na bar RAM ɗin a gudun 4800 lafiya lau. Na ɗora MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, a filashi, jajayen layuka masu nuna kuskure suka cika allo. Sandunan RAM ɗin kuwa suna ramukan A2 da B2 yadda ya kamata, sai na sabunta BIOS na sauko da gudun zuwa 5600, matsala ta kau. Masu cewa a ƙara wutar SoC (ɓangaren CPU da ke kula da RAM) ku bi a hankali fa, kar ta wuce 1.3V, a 2023 wasu CPU na AMD samfurin Ryzen 7000 ƙonewa suka yi a kan haka.