Hawan Kufena da takalmin Juma'a

Tun ina yaro nake hangen Dutsen Kufena daga hanyar Wusasa, a gefen Zariya, amma ban taɓa taka shi ba sai wata Asabar cikin hunturu da ƙanena ya matsa mini. Bayan asuba muka hau mashin, muka ajiye shi a Wusasa, muka ratsa gonakin da aka gama girbe dawa. Kafin gindin dutsen akwai ragowar tsohuwar ganuwa, tudun ƙasa da ruwan shekaru ya cinye. Magabata sun ce an zauna nan bayan an taso daga tsohon garin Turunku, kafin a kafa birnin Zariya.

Hanya biyu muka gani. Ɗaya ta miƙe kan fuskar dutsen, fili fetal, ba ko ciyawa. Ɗayar ta lauya cikin manyan duwatsu da ƙaya. Wani yaro mai kiwo ya dubi ƙafata, ya ce, "Baba, da wannan takalmin? Ku bi inda awaki ke bi." Takalmin fata ne mai sulɓin ƙasa, na zuwa masallacin Juma'a. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai nan ya fi kusa." Muka bi fuskar.

Hawa bai ba ni wuya ba. Dutsen na da kaushi, yana kama ƙafa, kuma idonka na sama. Can bisa iska na kaɗawa kamar za ta cire hula. Hazo ya rufe gari, da ƙyar muka tsinkayi dogon benen Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Mai son kallo ya zo ƙarshen damina, lokacin sama ta wanke.

Saukowa ce ta raina mini wayo. Da na juyo na ga gangaren da na hau, gwiwata ta hau rawa. Irin wannan dutse yana ɓare ɓawo, zafin rana da sanyin dare ke tsattsage shi falle-falle. Na taka wani falle, ya yi ƙara kamar ganga, ya zame da ni. Allah ya sa na zauna daɓas. Tun daga nan in na ji dutse ya amsa kamar ba komai a ƙarƙashinsa, sai in kauce. Haka baƙin layin da ruwa ke bi, ya fi ko'ina santsi.

Na cire takalmi, to amma hantsi ya dubi ludayi, dutse ya fara gasa tafin ƙafa, ledar ruwanmu biyu kuma tun a sama muka shanye. Da jan gindi na ƙarasa rabin hanya, sannan muka karkata ta cikin ƙayar da muka raina, muna bin kashin awaki.

A ƙasa yaron na nan zaune. Ya dubi wandona da ya yage ta baya, ya ce, "Sannu, Baba." Ƙanena ya tuɓe rigar sanyinsa na ɗaura a kwankwaso har gida.