Godiya ga duk wanda ya tako ƙafarsa zuwa walimata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, walimar jiya ta tashi lafiya, tukwanen aro duk sun koma gidajen masu su. 'Yan'uwa da maƙwabta na Ƙofar Marusa, da waɗanda suka taso tun daga Daura da Mani, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na ji ana ta cewa Turai za ni. A'a, Afirka ta Kudu ce. Cibiyar haƙƙin ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria ce ta ɗauke ni digiri na biyu a fannin haƙƙin ɗan Adam da dimokuraɗiyya a Afirka, shirin da ta fara tun 2000. Shekara ɗaya ce: rabi a Pretoria, rabi a tura mutum wata jami'ar, irin su Makerere ta Uganda. Tarayyar Turai na cikin masu ba da kuɗin, wataƙila daga nan zancen Turan ya samo asali.

Sai dai kafin kuɗin Turawa, na Inna ne ya fara aiki. Ranar da ta kwashi adashinta, ko buɗewa ba ta yi ba, ta miƙo mini shi ƙulle a bakin zane ta ce, "Je ki yi fasfon, kada ki faɗa wa babanki kuɗina ne." To Inna, yau ga shi na tona, ki yafe ni.

Bara na nema ban samu ba. Takardar sakamakona ta maƙale a wani ofis har aka rufe karɓa, na yi kuka na ce na haƙura. Malamina, wanda ya hana a ambaci sunansa, shi ya sa ni gaba bana. Sau huɗu yana dawo mini da wasiƙar neman da jan biro. Ya ce in daina jero manyan kalmomi, in rubuta labarin yaron da na tsaya wa a kotu, wanda ya yi wata bakwai a tsare kan zargin satar akuya, alhali sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum gaban alƙali cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi na rubuta. Malam, bakina ya yi kaɗan.

Kawu, na san da fari ba ka so ba, ka ce 'ya mace da ƙasar da ba dangin iya ba na baba. Ganin ka jiya a kan tabarma kana ja mana addu'a ya fi mini takardar samun gurbin karatun daɗi. Yaya kuwa, kwamfutarka da na riƙe wata uku tana nan lafiya, cajar ce dai ta mutu a hannuna.

Tafiya sai Janairu, in Allah ya kai mu. Wanda na ɓata wa ya yafe ni, a sa ni a addu'a. Sannan wata baiwar Allah ta manta kular abinci mai ruwan goro a zaure, tana wurin Inna.